Kwalba Goma Sha Shida

A Plovdiv, a layin da ke gangarawa kogin Maritsa,
mu uku muka sha nono guda.
Zornitsa ta zama ma'aikaciyar jinya,
Kostadin ya buɗe gidan abinci mai tebur tara,
ni kuwa gyaran takalma nake yi,
sana'ar da ba a tambayar mai ita ra'ayinsa.

Da cutar ta zo, ba ta yi sallama ba.
Hukuma ta ce a rufe, aka rufe.
Kostadin ya kife kujeru a kan tebura,
ƙafafunsu sama kamar awakin da suka mutu,
ya sallami mai wanke-wanke, ya sallami mai girki,
ya zauna yana ƙirga bashin haya.
Ya ce, yunwa ma annoba ce, amma wa ke ƙidaya gawarta?
Ya ce, allurar da aka dafa cikin gaggawa
ba za ta shiga damtsena ba.
Ran Asabar ya ɗauki murfin tukunya da ludayi
ya bi masu zanga-zanga zuwa dandali.

Zornitsa ba ta da muryar gardama.
Takan dawo da asuba, takunkumi ya yi mata zane a kumatu,
ta ce, jiya bakwai.
Ta ce, na riƙe wa wani tsoho waya a kunne
har 'yarsa ta gama bankwana da wanda ya riga ya tafi.
Kai kana kaɗa murfin tukunya, Kostadin,
ni ina rufe idanun mutane.
Gani ya kori ji.

Shi ma ya ce, gani ya kori ji,
zo ki ga akwatin kuɗina.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.
Sai dai namu ɗakin rufinsa ɗaya ne,
kuma a ƙarƙashinsa uwarmu Nevyana take zaune,
tana gasa tattasai a tsakar gida kamar kowace kaka,
tana ɓare baƙin fatarsa da yatsu,
tana ɗura ja a cikin kwalabe.
In 'yar ta ce, Mama, gobe zan kai ki a yi miki,
sai ta ce, to, gobe.
In ɗan ya ce, Mama, kada ki yarda,
sai ta ce, to, na ji.
Ba tsoron allura take yi ba, ba tsoron cuta ba.
Tsoron zaɓen ɗa take yi.

Tari ya kama ta a watan Nuwamba.
Kwana tara.

A maƙabarta mun tsaya nesa da juna,
dokar tazara ta yi mana rana,
don babu wanda zai ce gaba ce ta raba mu.
Zornitsa ba ta ce, ka gani ba?
Da ma ta faɗa, da ya samu abin mayarwa.

A rumbun ƙasa muka tarar da kwalba goma sha shida,
kowace da kwanan wata cikin rubutunta mai karkata.
Biyar, biyar, biyar.
Ɗaya ta rage, kowa ya ɗauke kai.

Tana shagona yanzu, tsakanin gam da ƙusoshi.
An daɗe da buɗe gari, teburan Kostadin sun koma shida,
mutane sun sami wani sabon abin musu.
Zornitsa na zuwa ran Talata da takalmin da bai lalace ba,
Kostadin ran Alhamis da wanda ko diddige bai ci ba.
Kowa ya saci kallon kwalbar, ya tambayi farashin aiki, ya fita.

Wannan makon na gaya wa kowannensu,
takalminka sai Laraba, ƙarfe huɗu.
Na sayo burodi.
Ban sani ba ko murfin zai buɗu.